Na ja takunkumi don kada kawuna ya gane ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ma ya zaga, na cancanta.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Wagini, babana ya rasu ina ƙarami, kawuna ƙanin mahaifiyata shi ya riƙe ni har na gama sakandare na dawo Batsari da zama. Lokacin korona aka ɗauke mu aikin sa-kai, muna raba takunkumi ranar kasuwa muna wayar da kan mutane. Kun dai san yadda abin yake a nan, wasu su ce ciwon masu hawa jirgi ne, wasu su ce su ba jakuna ba ne da za a ɗaure musu baki, mai babur kuma sai ya hango shingen jami'ai yake zaro nasa daga aljihu. Mu masu wa'azin ma a ƙarƙashin haɓa muke rataye shi saboda zafi, sai in babba ya zo dubawa.

A lokacin ɓarayin daji sun tashi ƙauyenmu, na ji labari su kawu sun gudo gari, kullum ina cewa gobe zan neme su. Rannan ina tsaye cikin abokan aikina, na sha rigar aiki ina ta iyayi, sai ga kawu da buhun masarar wani a kai, dako yake yi. Mutumin da na sani da rumbu uku da shanun huɗa, silifas ɗinsa ma ƙafa daban-daban. Wallahi ban san sanda hannuna ya ja takunkumin nan har ƙarƙashin ido ba. Ba tsoron cuta ba ne, kunya na ji a ce wannan ne ya raine ni.

Da ya sauke kayan ya biyo ta gabanmu, sai na miƙa masa takunkumi ɗaya kamar kowa, har da canza murya ina gaya masa a riƙa rufe hanci da baki, a riƙa wanke hannu. Ya daɗe yana kallona, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode malam likita, Allah ya yi albarka." Ya wuce.

Daga baya na neme su, ina zuwa gaisuwa, ina yin ɗan abin da zan iya, shekaru ke nan bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma na yi gum. To yanzu yana kwance a Safana wajen 'yarsa, jiki ya yi nauyi sosai. Satin da ya wuce na je dubiya, matarsa take ba ni labari tana dariya, wai ranar da na ba shi takunkumin nan ya koma gida da murna yana cewa ya ga ɗansa yana aikin lafiya mutane na saurarensa. Ta tambaye shi me ya sa bai yi mini magana ba, sai ya ce, "Bai gane ni ba, wahala ta canza ni. Ai da ya gane ni da ya karɓi buhun nan."

Tun da na ji maganar nan abinci ba ya shiga. Ina so in durƙusa in nemi yafiyarsa tun yana da rai, amma in na faɗa na ƙwace masa uzurin da ya yi mini, ya tafi da sanin cewa na gane shi sarai. In kuma na yi shiru, da wane ido zan tsaya a sahun sallarsa? Don Allah ku gaya mini, in faɗa masa ko in bar shi da zatonsa?