Irin Shinkafar Inna Ma'u

Nassarawa, Birnin Kebbi
Afrilu, 1985

Zuwa ga ɗana Kalilu,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da 'yan kwalejinku da kuka tafi Dosso aikin taimako. Mu lafiya lau, in ban da zuciyata da ke tafasa.

Na samu hotonka, kana ɗauke da tubali, fuska duk laka. Madalla. Ginin gidaje da ciyar da waɗanda fari ya kora aikin lada ne, ni ma haka nake koya wa yara a aji. Amma wane littafi ya ce ka biya Argungu, ka tarar kakarka Inna Ma'u tana gidan suna, ka ɗauke buhun shanshera, shinkafa da ɓawonta, daga ɗakinta? Har ka bar saƙo wai ka ga an yi watsi da shi, duk toka!

Kalilu, kai mai karatun aikin gona! Da gangan ake zuba tokar, don ƙwari. Iri ne. Jar shinkafar nan ce mai bin ruwa, wadda in gulbin Rima ya cika take miƙa wuya ta biyo shi. Inna Ma'u ta gaje ta wurin uwarta, kuma ko bara da yunwa ta matsa, gwamma ta kwana da kunu da ta taɓa ta. Wadda hukuma ke rabawa nutsewa take a fadamarta.

Hadari ya fara haɗuwa. In ba a surfa ba, ka zauna bisa buhun nan har ka samu motar da za ka maido shi.

Mahaifiyarka,
Riskuwa

Argungu
Mayu, 1985

Kalilu,

Ina gaishe ka, da fatan zazzaɓin da ka ambata ya sake ka. Ka riƙa shan magani.

Amsarka ta iso: an surfa, an dafa, har mutane sun yaba ɗanɗano. Dole su yaba! Sun ci gonar shekara a faranti.

Ni na karanta wa Inna takardar. Na so ta yi faɗa in samu abokiyar fushi. Sai ta tambaye ni ko yaran can sun ƙoshi. Na ce haka ka rubuta. Ta ce to, ta ɗauki buta. Da asuba na gan ta bakin fadama tsaye, ga ƙasa ta jiƙe, hannunta babu komai.

Ita ta yafe. Ni ban kai nan ba.

Ta tuna matan da ta taɓa ɗibar wa irin, daga nan har Gulma. Ka iya tara wa baƙi abinci, to zo ka tara wa kakarka iri. Gida gida za ka bi da ƙoƙo, kana faɗin abin da ka yi da bakinka. Na wanke ƙoƙon, yana jiranka.

Ka taho ranar Juma'a. Ka bar hoton can.

Mahaifiyarka,
Riskuwa