Wata Ukun da Bagobiri Ya Saya Mini

Zuwa ga Haruna ɗan Tibiri,

Assalamu alaikum, Bagobiri. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Na san wannan wasiƙa ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma da wuya ka karanta ta har ƙarshe, tunda kullum cewa kake rubutuna kamar kaza ta yi tono. Amma yau na ji abin da ya fi ƙarfin cikina, kuma kai kaɗai ya dace in faɗa wa.

Ina Alƙahira. Makarantar da nake koyarwa a Katsina ce ta turo mu kwas ɗin Larabci. Garin ya cika ya batse, Haruna. Gonakin da muke wucewa a hanyar Faisal duk sun zama benaye, ƙananan motocin haya sai ihu suke kan titi. Na je unguwar Ainu Shams na tsaya ƙofar gidan da muka yi haya, na kasa shiga.

Ka tuna yadda muka zauna a ɗakin nan? Ni Bakatsine, kai Bagobiri, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Kai kana sayen littattafai da turare kana aikawa Maraɗi, ni kuma ina aikin fassara a wani kamfanin fitar da kaya a unguwar Dokki, ina juya wasiƙu da saƙonnin waya na teles tsakanin Larabci da Turanci. Duk watan cika-ciki sai ka tsare ni a bakin ƙofa ka ce in biya kuɗin shara, wai ubangidana ya zo karɓar haƙƙinsa.

Sai kaset ɗin nan ya iso daga gida. Kai ka kunna mana shi. Muryar Inna mahaifiyata ce, tana cewa cikin matata Binta ya tsufa, likita ya ce wannan karon sai an yi mata aiki, kuma mahaifinta ya rantse ba zai sa hannu a yanka masa 'ya ba, sai dai mijinta ya zo ya sa da kansa. Ka san mun riga mun binne biyu. Ban manta yadda ka kashe rediyon ba, ka ce in tashi in sa takalmi.

Na nemi hutu, Ustaz Fu'ad, manajan kamfanin, ya ce lokacin aiki ne, ma'alish, wato in yi haƙuri. Na rubuta takardar ajiye aiki, ya buɗe yarjejeniyar da na sa wa hannu ya nuna mini: ko in ƙara wata uku ina aiki, ko in biya albashin wata ukun, sannan ya ba ni fasfona da ke cikin durowarsa. Bai zalunce ni ba, abin da na yarda da shi ne tun farko. Amma ina zan samo albashin wata uku, ni da kuɗin jirgi ma sai da 'yan'uwa ɗalibai suka yi mini karo-karo? Cikin Binta kuwa ba zai jira ni wata uku ba.

Washegari ka sa babbar rigarka ta Juma'a ka bi ni ofis. Na ɗauka roƙo za ka yi. Ashe ciniki ka zo, kamar mai taya rago. Ka ce wa Ustaz Fu'ad wannan bawanka ne tun kakanni, ka zo fansarsa, kuma ba ka da kuɗi, amma kana da wata uku. Za ka zauna a kujerata ba tare da an biya ka ko kwabo ba. Ya tambaye ka ko kana jin Turanci, ka ce a'a, amma kana jin Faransanci, kuma shi bai san yawan kasuwar da yake asara a Yamai da Abijan ba. Na ji kunya kamar in nutse. Shi kuwa ya yi dariya har da hawaye, ya jawo durowa ya miƙo mini fasfona, ya ce khalas, wato shi ke nan.

Na isa gida, na sa hannu, aka yi aikin. Binta ta tashi, yaron ya rayu. Na sa masa sunanka, kuma tun ranar suna ba mai kiransa sai da Bagobiri. Yanzu ya shiga firamare. Rigimarka ya ɗauko sak, ba ya sayen ƙuli-ƙuli sai ya nemi gyara. Inna ta rasu bara, tana sa maka albarka har ƙarshe. Binta ta ƙara biyu, duk mata, lafiya lau.

Wasiƙar rasuwarka ta same ni yaron bai fara zama ba. Cewa aka yi gajeruwar rashin lafiya. Na yi kuka, na yi maka sadaka, na ɗauka ajali ne ya zo maka kwatsam kamar yadda yake zo wa kowa. A haka na zauna shekara shida.

Yau bayan azahar na je Dokki don in gaida Ustaz Fu'ad. Ya tsufa, gashinsa ya yi fari fat. Da ya gane ni sai ya rufe ƙofa, ya aika a kawo shayi. Sannan ya faɗa mini.

Ya ce tun kafin kaset ɗin Inna ya zo ka san hantarka ta lalace. Likita ya gaya maka in kana da iyaye ka je ka gan su, kada ka wuce damina. Ya ce tikitinka na Yamai yana aljihun babbar rigar nan ranar da ka zo ciniki. Shi ma bai sani ba sai da idanunka suka koma rawaya, ka fara hawa benen ofis kana hutawa a kowane hawa. Da ya matsa maka ka gaya masa gaskiya, ya ce ya yafe sauran kwanakin, ka tafi gida yau ɗin nan, shi zai kai ka filin jirgi. Ka ƙi. Ka ce masa: "In na bar wa Bakatsine saura, har Lahira sai ya yi mini gori."

Ka cika wa'adin cif. Daga ofis ɗin aka wuce da kai asibiti, ba ka kuma hau jirgin ba.

Haruna, wane irin mutum ne kai? Muna ɗaki ɗaya, muna cin wake da gurasa a kwano ɗaya, yaya aka yi ban gani ba? Na tuna ka rage cin abinci, na riƙa tsokanarka cewa rowa ce ta Gobirawa, ka riƙa dariya. Ni na ɗauka wata uku ka ba ni daga cikin shekaru masu yawa da ke gabanka. Ashe su ke nan gare ka, kuma ka sani, ka miƙa su gaba ɗaya kana raha. Mahaifiyarka tana Tibiri tana jiran jirgin da zai kawo ka, ka zaɓi matata ta ga mijinta. Na karanta labaran bayin Allah a littattafai da yawa, ban taɓa zaton ɗaya daga cikinsu ne ke ara mini silifa ba.

A filin jirgi ban yi maka godiya ba. Wasa ya hana ni. Cewa na yi ka riƙe mini kujera da kyau, bawa. Ina so ka sani na gode, Binta ma ta gode, ko da yake ba ta san girman abin ba tukuna. Ban san yadda zan faɗa mata ba.

Gobe Ustaz Fu'ad zai kai ni kabarinka, don yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarka. In na koma gida ba zan zauna ba sai na tsallaka Tibiri da yaron, in sa shi a gaban mahaifiyarka, in gaya mata inda wata ukunta suka tafi. In ta yi fushi da ni, tana da gaskiya.

Ba gori, Bagobiri, duniya da Lahira. Kai ne ubangida. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya saya maka gida a Aljanna mafi tsada.

Ni ne bawanka da ka fansa,
Lawal Bakatsine