Ni na raba ɗana da abokinsa ɗaya tilo

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a unguwar Bolori, ina haɗa turaren wuta da humra ina sayarwa a gida. Ɗana na fari, bari in kira shi Modu, shekararsa tara. Tun bai shiga makaranta ba yake karanta rubutun bayan Keke Napep, lissafin da babansa sai ya ɗauko waya, shi da ka yake faɗa. Mutane suna cewa na yi dace, amma ba su san abin da nake gani a cikin gida ba. Yaron nan in aka tayar da janareta sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. In ya yi kuskure ɗaya a rubutu sai ya yage takardar ya yi ta buga kansa da bango. A aji ya sha bulala saboda "Malam, ba haka ba ne." Yaran unguwa suna kiransa Farfesa, ba don yabo ba, in ya doso wurin ƙwallo sai su watse. Ƙanwar mijina har cewa ta yi a kai shi ruƙiyya.

Mutum ɗaya ne ya iya da shi, Bukar, ɗan maƙwabciyarmu Ya Falmata. Ya girmi Modu amma ajinsu ɗaya, don an maimaita masa, karatu kam sai a hankali. Amma haƙuri! Modu zai zauna ya yi ta zuba masa labarin taurari, Bukar yana lanƙwasa waya yana ƙera motar langa-langa yana cewa, "To, sai kuma me?" In abin Modu ya tashi, Bukar ba ya gudu, ba ya dariya, zama yake kusa da shi har ya huce. A wurin Bukar kaɗai nake jin dariyar ɗana.

Sai malamarsu ta kira ni ta ce akwai jarrabawar shiga wata makaranta a GRA da ke ɗaukar yara masu hazaƙa kyauta, kuma tana da yaƙinin Modu zai ci in ya rage wasa. Anti, daga ranar idona ya rufe. Duk sanda na ga Bukar a ƙofar gida sai raina ya ɓaci, in ce wannan yaron zai ja min ɗa baya. Na hana su wasa tare, Modu ya yi birgima ya ƙi cin abinci. Shi ne shaiɗan ya kitsa min. Ranar da Bukar ya zo da sabuwar motar da ya ƙera masa, na tare shi a zaure na ce, "Abokinka ya ce kar ka ƙara zuwa, wai ba ya wasa da daƙiƙi." Yaron nan ya kalle ni, ya ajiye motar a ƙasa a hankali, ya ce, "To, Ya," kamar yadda yaranmu ke kiran uwa, ya juya. Da yamma Modu ya tambaye ni ina Bukar, na ce masa, "Bukar ya ce ya gaji da halinka." Wace irin uwa ce take haka? Da bakina fa!

Na shirya wa kuka da birgima, amma ko ɗaya bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Shi ma?" Ya shige ɗaki. Tun daga nan ɗana ya yi shiru. Ba tambaya, ba gardama, ba "ba haka ba ne." Babansa har murna yake wai yaro ya natsu. A makaranta kowannensu yana kauce wa ɗan'uwansa. Ya Falmata ta tare ni a hanya ta gaishe ni da yarenmu ta ce, "Wushe, maman Modu, me ya haɗa yaran nan ne? Nawa ko waya ya daina taɓawa." Na ce mata sha'anin yara ne, na wuce.

An yi jarrabawar, bai ci ba. Malamar da kanta ta zo gida ranta a ɓace, ta ce tun a gwajin aji ta lura yana rubuta amsa daidai, sai ya goge ya sa wadda ba ita ba. Bayan ta tafi na ɗauko bulala na ce ya faɗa min dalili. Ya ɗago ya ce, "Ya, ai saboda na cika sani ne kowa yake guduna. In na daina sani, Bukar zai dawo?" Wallahi bulalar ta faɗi daga hannuna, na shiga banɗaki na toshe bakina da zani na yi kuka.

Ko a lokacin ban iya faɗa masa gaskiya ba. Kun san yadda aka raine mu da kunyar ɗan fari, ko sunansa ba na kira, "kai yaro" nake cewa, ban taɓa jawo shi jikina a gaban mutane ba. Ta ina zan fara durƙusawa in ce masa na yi maka ƙarya? Kuma Modu ba ya mantuwa, ba ya kuma yafe ƙarya, alkawarin alawa in ka saɓa sai ya shekara yana tuna maka. Mijina bai sani ba, ba wanda ya sani sai ni da Allah.

Yanzu an yi wa baban Bukar canjin wurin aiki zuwa Biu, ƙarshen watan nan za su tashi, har sun fara ɗaure kaya. Jiya na iske Modu yana leƙen gidansu ta kafar ƙofa. In na yi shiru suka tafi, ɗana zai girma da tunanin ko mutum ɗayan da ya so shi ma gajiya ya yi da shi. In na faɗa, zai samu abokinsa ko da na sallama ne, amma zai san uwarsa ce ta yi masa wannan, kuma ina tsoron ba zai ƙara yarda da maganata ba har abada. Zuciyata ta karye, Anti. Me zan yi?