Yabon Maore

Mamoudzou, tsibirin Maore

Zuwa ga ƙanwata Echata,

Bayan sallama, da gaisuwa mai ƙamshin furen turaren da kike tsinka, ga amsar tambayarki game da tsibiranmu huɗu. Ngazidja na da fadar mulki, amma ƙasarta baƙin dutse ce marar kogi. Mwali ta sallama wa kunkuru gaɓarta. Ndzuani tamu ga tutar 'yanci, ga ƙoramu, ga cuta ba magani. Maore kuwa, wadda ta zaɓi zama hannun Faransa:

Fitilarta ba ta mutuwa, famfonta ba ya ƙafewa,
Mai naƙuda bisa farin gado take saukewa.

Ki miƙa gaisuwata ga 'yarki Zalhata. Wassalam.

Yayanki, Houmadi

*

Domoni, Ndzuani

Yaya,

Salamu alaikum. Ka manta takardar ɗan ci-rani a tsakar gida ake karanta ta, gaban kowa? Zalhata ta haddace waƙarka. Cikinta wata takwas, ka kuma san na fari bai zo da rai ba. Ranar Talata ta nufi Maore a kwasa, ƙaramin kwalekwalen masu tsallakar da mutane a ɓoye, su talatin. Na riƙe zanenta, ta ce, "Inna, Kawu zai yi ƙarya ne?" Yau kwana biyar shiru, iska kuma ba ta kwanta ba. Sarkin baiti, kai ne kawunta. Nemo min 'yata.

Echata

*

Ƙanwata abar tausayina,

Amincin Allah ya tabbata gare ki, ni kam ya ƙaurace mini. Ƙarya na yi, Echata. A bukkar kwano nake kwana bisa tudu, famfonmu sai ya yi kwana biyu bai ɗiga ba. Shekara goma sha ɗaya ba ni da takardar zama. In na hango 'yan sanda, cikin gonar ayaba nake shigewa. Kunya ce ta sa na yi wa Maore kwalliya, don kada a ce Houmadi ya tsallake teku a banza.

Na bi gaɓa ina duba abin da ruwa ya tofar, ina roƙon kada in gane zane. Wani masunci ya ce kwasa biyu suka taso ran nan: an kama ɗaya, ɗayar ba wanda ya gan ta. Waɗanda aka kama suna tsare, ba a kuma faɗa wa irina sunayensu daga bakin ƙofa. Hanyar gani ɗaya ce, kuma tsoronta nake ji. Ki sa ni a addu'a.

Houmadi

*

Echata,

Sallama. Na miƙa kaina ga 'yan sanda aka shigar da ni wurin da ake tsare su. Zalhata tana nan, da ranta, ɗan yana motsi. Ta ƙi yi mini magana. Gobe za a maido mu Ndzuani a jirgi ɗaya. Ki nemo ungozoma.

Houmadi