Katin Otal Ɗin Baffa Maidaji

Gwanzu, ƙasar Sin, 3 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga Yaya Jumai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda nake a nan. Ya Inna da ƙafarta? Ya yaran, ya maigidanki, ya kuka yi Sallah? Mu a nan naman layya a leda muka samo shi, wajen wasu Musulmin ƙasar masu farar hula, ko ƙamshin suya babu a unguwa.

Yaya, abin nan da kika tsokane ni da shi a filin jirgi ya tabbata. Ya shiga wata na biyar. Don Allah kada ki faɗa wa Inna kai tsaye, ki dai bari ta gane da kanta, wallahi ko a takarda kunya nake ji.

Ni dai gida nake so in zo in haihu. Na je asibiti sau biyu, suna da kirki, amma ba na jin su ba sa ji na, duk abin da na tambaya sai a ce meyo, wato babu. Wa zai min wankan jego a hawa na tara? Maƙwabciyata Mariatu, 'yar zangon Kumasi, ta ce za ta iya, amma ita ma 'ya'yanta biyu a hannun uwarta ta haife su. Maigidana Malam kuma duk abin hannunsa yana cikin kwantenar jakunkunan da ya saro a Shiling, tana nan jibge a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Ya ce in yi haƙuri ya ga abin da Allah zai yi. Kin san halinsa, ba zai karɓi kuɗin tikiti a hannun danginmu ba ko da kuwa an bi shi da shi har gida.

To ga abin da na tono! A ƙasan benenmu akwai shagon intanet na wani tsoho, Lawban muke ce masa, wato mai gida. Kullum ina can, har kujerata daban. A wani dandali na matafiya na haɗu da wata tsohuwar malamar makaranta 'yar Kanada, ita ta buɗe min ido. Ashe duk kwanan da mutum ya yi a manyan otal-otal ɗin nan ana zuba masa maki a kati. In makin ya taru sai ka cike fom, otal ya tura shi kamfanin jirgi ya koma mil, mil ɗin kuma a ba ka tikiti da shi, ba ka biya komai ba sai ɗan haraji. Turancina na aji uku sai da ya yi gumi, amma na gane.

Kin san Malam shi ne mai masaukin 'yan kasuwar Kano, shi ke kama musu ɗakuna da sunansa duk lokacin baje koli. Na kwaso rasitan nan kaf daga akwatinsa, sun cika leda. Gobe zan kai su otal ɗin. Ki fara share min ɗakin Inna na ƙurya, kuma ki ajiye min daddawa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Firdausi


Gwanzu, 4 ga Mayu, 1999

Yaya Jumai,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya Inna, ya zafin Kano? Na ga saƙonki, na yi ta dariyar yadda kika ce Inna ta kalle ki ta ce a daina aiko mata da labarin banza, alhali ta sa an sayo gero buhu guda.

Ni kuwa Yaya na yi wauta, kuma ke kaɗai za ki fitar da ni.

Ledar rasitan nan ba ta yi komai ba. Matar da ke otal ɗin ta duba ta duba, ta ce maki na wanda ya kwana ne, ba na wanda ya kama ɗaki ba. Malam kuwa ko gyangyaɗi bai taɓa yi a otal ɗin ba, yana ajiye baƙi yake dawowa gida. Na fito jikina a sanyaye.

Sai ga Baffa Maidaji ya sauka, ranar da aka buɗe baje koli. Ashe tun shekara huɗu da suka wuce otal ɗin ya yi masa kati, kuma adireshinmu aka sa, duk ambulan ɗin da suke aikowa Malam na tara masa. Da aka miƙa masa sai ya yage ɗaya, ya ce takardun talla ne, in ɗauka in riƙa naɗe ƙosai. Na kai kicin na duba. Yaya, sai da na zauna a kan bokiti! Zuwa biyu a shekara, sati uku-uku, har da abin da yake biya da katin banki duk an haɗa. Ya isa tikitin zuwa Kano da dawowa, kuma an rubuta cewa wani kaso zai ƙone a ƙarshen shekara in ba a taɓa shi ba. Na nuna wa Malam, ya ce to wannan ai ba kuɗi ba ne, abin da za a zubar ne, ba laifi. Na yi sauri na karɓo fom biyu, ɗaya na buɗe masa suna a kamfanin jirgi, ɗaya na tura makin. Sa hannunsa kawai ya rage.

Kwana goma sha tara Baffa ya yi a garin nan. Sau shida yana cin tuwo a falonmu. Kullum in zumbula mayafin nan nawa mai kama da labule, in durƙusa daga bakin ƙofa, fom ɗin yana cikin zanina har ya jiƙe da zufa. To in ce masa me? In ya ce Firdausi me za ki je yi gida, aurenki ko shekara bai cika ba, in ce masa me? Ƙanen Baba ne fa, shi ya ɗaura min aure. Na ce wa Malam shi ya faɗa, ya ce haba, ya dubi idon surukinsa ya yi wannan magana? Ya ce gobe, na ce gobe.

Mariatu har ɗaura ɗankwali ta yi za ta shiga ta faɗa masa. Ta ce ku mutanen Kano kun cika abin mamaki, ciki ya yi gaba kamar tukunyar waake, shinkafa da waken nan nasu, kuna ɓoye shi da gyale, a Kumasi da tuni an yi masa waƙa. Na riƙe mata hannu ina roƙonta da Allah. Ina ma na bar ta!

Shekaranjiya Baffa ya tafi, ta Dubai zai bi. Da zai fita ya ba ni turare ya ce Allah ya yi albarka, idonsa na kan takalminsa.

Ga inda matsalar take. Tura makin sati shida yake ɗauka. Kamfanin jirgin kuma sun ce tafiya mai nisa irin wannan ba sa ɗaukar mace in ta wuce sati talatin da biyu, ni kuma zan cika su ranar 26 ga Yuni. In Baffa ya sa hannu cikin satin nan da ƙyar zan sha. Na turo fom ɗin ta faks zuwa shagon da ake buga miki wasiƙuna, na yi alamar kuros a inda zai sa hannu. Ki je wajen Hajjo matarsa, ki faɗa mata komai, ita ta san yadda za ta shigar masa da ita. Don girman Allah Yaya kada ki bari sai kin gama kitso.

Taki,
Firdausi


Gwanzu, 27 ga Mayu, 1999

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Ya jikin Inna? Allah ya bar mana ke.

Fom ya iso shekaranjiya, na kai otal da kaina, matar ta buga hatimi na ce mata shiye-shiye, wato na gode, ya fi sau goma. Na san ba laifinki ba ne. Wa ya san Baffa zai yi sati biyu a Dubai, ita kuma Hajjo ta ce ba a tarar mutum da irin wannan magana ranar da ya sauka, sai ya huta.

Abin da kika rubuto ne ya sa ni kuka. Wai tun ranar farko Baffa ya gani, daga yadda na durƙusa, kuma ya so ya ce a kai ni gida, amma ya ji nauyin ya riga mijina magana. Kin ga mu uku a falo ɗaya, kowa da abu ɗaya a bakinsa, muna ta hirar farashin yadi a kasuwar Shisanhang.

Sun ce sati shida shi ne mafi tsawo, wani lokaci yana shiga a huɗu. Malamar nan ta Kanada ta ce nata ya taɓa shiga a kwana ashirin. Safe da yamma ina duba lambar Baffa a kwamfuta, sifili nake gani. Lawban in ya hango ni tun daga matattakala yake girgiza kai yana meyo, meyo, wai tausayina yake ji. Akwatina a haɗe yake, na saya wa Inna bargo mai laushi. Ku taya ni addu'a.

Firdausi


Gwanzu, 9 ga Yuli, 1999

Zuwa ga Yaya Jumai,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya ke da yara da maigidanki. Ni ma lafiya lau, sai nauyi da kumburin ƙafa, takalmin Malam nake sawa yanzu.

Mil ɗin ya shiga ranar Talata, sati shida cif. Na ga lambobin sun fito reras a kwamfuta, abin da na yi wata uku ina mafarki. Duk da na san wa'adin jirgin ya wuce da kwana goma, na ce a je dai. Na sa babban mayafin, muka tafi ofishin jirgin ni da Malam. Mutumin ya karɓi takardar likita, ya ƙirga da bakin biro, ya dube ni. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce in abu ya taso a sama babu mai taimakona. Na so in ce masa an yi kuskure a takardar, sai na ji abin ya motsa da ƙarfi, na fasa. Gaskiyarsa ce.

Ban koma gida ba, shagon Lawban na shiga na kifa kai a kan tebur. Bawan Allah ya kashe min kwamfutar, ya kawo min ruwan zafi a kofi ya zauna nesa. Mariatu ta sauko ta same ni. Ba ta ce min ai ga irinta nan ba, jakata kawai ta ɗauka ta riƙe ni muka hau sama.

Jiya da la'asar sai ga wayar Baffa. Malam ya miƙe tsaye ya cire hula ya mayar, kamar yana ganinsa. Ina jin muryarsa daga inda nake. Wai Innarku ce take ta damunsa tana so ta ga ƙasar Sin, ta ga inda ake yin kwanukan nan nata na samira, shi kuma ya gaji da mita, don haka a rubuta tikitin da sunanta. Inna fa, da ko Zariya sai an yi da gaske! Bai ambaci komai ba, Malam ma bai ambata ba, sai to Baffa, madalla Baffa.

Sannan Hajjo ta karɓi wayar ta ce a ba ni. Ta ce ke 'yar nan, tun ranar da Jumai ta zo na ƙirga da yatsuna na san ba za ki kai ba, injin naku bai gaya miki ba? Ashe tun a lokacin ta sa Baffa ya yi wa Inna fasfo, aka kai Legas aka nemo biza, Malam ma da hannunsa a ciki, shi ya tura takardar gayyata. Kuma ke ma kin sani, munafuka! Kuna kallona ina ta aiko muku da lissafin kwanaki. Na yafe miki, na san da kun faɗa min da na ƙi, da na ce a jira.

Yau muka koma ofishin, an samu kujera ranar 24 ga wata. Alhaji Kallamu, ɗaya daga cikin baƙin Malam, shi da matarsa suna jirgin, su za su riƙe ta har Hong Kong, Malam zai tare su a can su shigo ta jirgin ƙasa. Ki haɗa mata kanwa, gero, yajin jego, da ganyen darbejiya busasshe ko rabin buhu ne. Kada ta ɗauko kilishi, za su ƙwace. Tukunya kada ta damu, Mariatu ta samo wata ƙatuwa a wajen masu gidan abinci, mun gwada ta hau kan gas ɗinmu. Ki ce mata kada ta ji kunyar neman ruwa a jirgi, kuma ta riƙa tashi tana taka ƙafar nan.

Har yanzu zuciyata tana ɗakin ƙurya, ba zan ɓoye miki ba. Na so a yi suna a tsakar gidanmu, ku cika min kunne. Amma Allah bai yi ba.

Saura abu ɗaya. Kowa ya yi min magana a wajen wani, ke wajen Hajjo, Hajjo wajen Baffa, ni ban buɗe baki ko sau ɗaya ba. In an buga miki wannan takarda ki kai wa Inna, ki zauna kusa da ita ki karanta mata layin ƙasan nan yadda na rubuta shi, ko ta juya miki baya, ko ta ce ki tashi ki ba ta wuri.

Inna, ni ce Firdausi. Cikina ya kusa wata takwas, tsoro nake ji, ki zo.

Wassalam,
Firdausi