Ranar Da Na Ce Huɗu Na Haifa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Gangara zuwa zangon Kumasi, zuwa hannun tela, wanda tun yana goye nake kira Ɗan Yaya. Gaisuwa da sallama, da tambayar lafiyarka da ta maiɗakinka da yara uku. Mu nan lafiya, an shigar da hatsi rumbu, mun gode Allah.

Bayan haka, ban liƙe wannan takarda ba. Na ce wa Ilu mai goro, wanda zai kawo maka ita, kada ya hana kowa dubawa. Duk wanda ya iya ajami, a hanya ko a zango, ya karanta, ina so ya sani.

Saƙonka ya iso tun gero bai fid da kai ba. Ka ce hukumar Gana ta ce kowane baƙo ya nemi takardar zama ko ya fita, kuma ba a ba da ita sai mutum ya nuna takardar ƙasarsu. Ka ce ta ƙasarmu daga takardar haihuwa take farawa, kuma abu ne mai sauƙi: uwa ta je buro, wato ofishin hukuma, da shaidu biyu ta faɗi abin da ta sani. Na je. Ban samo maka ba, kuma ni na ɓata abin da bakina. Zan gaya maka yadda aka yi, don kada ka ɗora wa baffanka Nomau laifi.

Ka san kai ne na fari. Ka san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu: uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta ƴaƴa ba ta lissafa shi. Da aka yaye ka, yayata Hurera ta zo ta ɗauke ka zuwa gidan aurenta wajen Ɗankama. Lokacin muna cewa nan Faransa, can Nijeriya kuwa Ingilishi, kamar yadda ake cewa gonar wane da gonar wane. Da hantsi na raka ku har bakin tabki, na dawo na ci gaba da daka, don kada a ce na damu.

In ka zo mana da salla, sai in aje maka fura a bakin ƙofa in juya baya. Ba ka sani ba, akwai wata ɓula a jikin zanan ɗakina. Ta nan na ga ka yi tsawo, ta nan na ga kana jan ƙafar hagu kamar marigayi babanka.

Ranar da muka je buro, ni da baffanka da Malam Habu liman, ɗakin cike yake da maza. Akawun yaro ne mai ladabi, ɗan lakol mai karatun boko, ba ɗan nan yankin ba. Ya ba ni wurin zama. Ya tambayi sunana da na babanka, na faɗa. Sai ya ce ƴaƴa nawa na haifa. Na ce huɗu. Ban yi tunani ba, Ɗan Yaya. Shekara talatin da wani abu haka nake amsawa a gidan suna da bakin rijiya, kuma duk macen da ta ji ta san ta ƙara ɗaya. Ya sa na jero su, na jero ƙannenka. Ya duba takardar da muka kawo mai sunanka ya ce to wannan fa. Ga ƙanin mijina a tsaye, ga liman, ga jandarma a ƙofa. Na sunkuyar da kai na ce, “Ɗan Yaya ne.” Ya ce ina Yayar take, na ce tana Ingilishi. Ya rubuta.

Baffanka ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe. Akawun ya ce ya ji labarin wannan al'ada, amma kullum mutanen ƙetare na zuwa da uwar aro neman takarda. Ya ɗauko littafin ƙidayar garinmu. Gidan babanka yara huɗu ne a ciki, don kai kana Ɗankama duk lokacin da aka zo rubutu. Littafin ya goyi bayan maganata.

A hanyar dawowa baffanka ya yi gaba ya bar ni a baya. Da ya yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

Bayan kasuwa uku na koma ni kaɗai. Tun daga gida nake maimaita sunanka a zuci kamar mai tilawa. Na tsaya gaban teburin na faɗe shi da ƙarfi, har wata tsohuwa da ke jira ta rufe baki da mayafi. Akawun ya dube ni da tausayi ya ce, “Inna, ran nan kika faɗi gaskiya ko yau?” A ganina duka biyun ban yi ƙarya ba, amma ban san yadda ake faɗin haka a buro ba. Ya ce abin da aka rubuta ya riga ya tafi gaba, sai dai alƙali, alƙalin kuma ba a san ranar zuwansa ba.

Sauran maganar ta fi nauyi, amma ba zan ɓoye maka ba. Yaya Hurera ta zo da shawara. Ta ce tunda nan an rubuta kai nata ne, bari ta je wajen hukumarsu ta dafa Alƙur'ani ta ce ita ta haife ka a Ɗankama, ka samu takardar Nijeriya. Ta ce ita ta yi maka kaciya, ita ta kai ka makarantar allo, wa zai ƙaryata ta? Izinina kawai take jira. Na kwana uku ina juya abin. Na ce mata a'a. Babana da ya koya mani karatu bai taɓa barin mu taɓa Littafi a kan wasa ba, balle a kan abin da ba haka yake ba, kuma Yaya ta tsufa, ba zan aika ta lahira da wannan ba. Ta je duk da haka, ta faɗi gaskiya, aka ce mata tunda a Faransa aka haife ka, can za a nema. Ta yi fushi da ni, har yau ba ta aiko ba.

To ka gani. Ƙasar da aka haife ka ta ce kai ɗan can ne, wadda ka girma ta ce kai ɗan nan ne, wadda ka yi aure ka kafa keken ɗinki a cikinta tana jiran ɗayansu ta yi magana. Ilu ya ce maiɗakinka haifaffiyar can ce, iyayenta sun ce ba za ta bi ka da yara zuwa inda ba ka da takarda ba. Ban ga laifinsu ba. Na yi tunanin in sayar da akuyoyina in zo, sai na tambayi kaina in zo in ce me, ga wa. In aka ɗora ka a mota aka tambaye ka ɗan wace ƙasa ne kai, ban ma san abin da zan ce ka amsa ba.

Abin da ya rage a hannuna shi ne wannan. Ba shi da hatimi, kuma na san mai yiwuwa ba wanda zai karɓa. Ka kai wa sarkin zango, ko wani mai jin maganar hukuma, ya juya masu shi da harshensu:

Ni Hadiza ɗiyar Malam Sani, ina shaida a gaban Allah cewa biyar na haifa. Na farinsu Isuhu ne, tela. A Gangara na haife shi, a ɗakin uwata, ranar Laraba, da damina, shekarar da fari suka ci gero. Cibiyarsa tana binne bayan ɗakin.

Allah Ya sanya tausayinka a zuciyar wanda takardarka za ta faɗa hannunsa. Allah kada Ya raba ka da ƴaƴanka. In an ƙaddara fitowa, Allah Ya fito da ku tare, ko ta wace iyaka ce. Ka yafe mani, ka roƙar mani Yaya in kun yi magana. Amin.

Wassalam.

Uwarka,
Hadiza