Jirgin Baba Ba Bindiga

Kano

Ibrahim Khalil ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kasuwa? Ga hoton Baba, kakanka, na ba Surayya mai zuwa China saro ta kawo maka, yana tsaye cikin jirgin ruwan da ya yi yaƙin duniya a ciki. Idona ya kusa tafiya, hoton ma duhu nake gani. An ce 'yan China komai ka nuna musu sai su ƙera. A ƙera mini ƙarami in riƙa shafawa, in nuna wa jikoki. Da manyan bindigoginsa fa!

Gwaggonka Rekiya


Guangzhou

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wallahi kaina ya ɗaure. Na kai hoton wajen wani maƙeri a bayan kasuwar Canaan, ya duba ya duba, ya ce "meyo", wato babu. Ba manyan bindigogi, sai wani ƙaton faifai da aka naɗe wayar ƙarfe a jikinsa a baya. Ya ce jirgin ma na katako ne. Su kuma abin da ke jikin samfur shi suke kwaikwaya. Anya ba a sauya hoton ba?

Ɗanki Ibrahim


Kano

Ibrahim,

Lafiya lau muke. Katako? Kwalekwale aka ce maka ubana ya tuƙa? Mutumin da ko hanyar gona ba ya yarda kowa ya shiga gabansa, har mari na sha a kan haka! Irin wannan isa, sai wanda ya nutsar da jirage. Ka ce ya manna bindigogin.

Gwaggo


Guangzhou

Gwaggo,

Allah ya huci zuciyarki. Na koma, muka yi ta fama da wayar tafinta, rabi na gane rabi ban gane ba. Wai irin wannan jirgi ba ya kai hari. Bama-bamai ake dasawa cikin teku, shi yake wucewa gaba yana jan waya yana tsinke su, sauran jirage su biyo sawunsa. In wani bam ya tashi, da shi zai tashi. Maƙerin ya yarda zai manna, in kin ce. In ce masa me?

Ɗanki Ibrahim


Kano

Ɗana,

Na sa jikata Radiyya ta maimaita mini wasiƙarka, na yi kuka. Ranar da Baba ya mare ni, kafin in ankara ya fizgo ni bayansa, yana ta kallon ƙasa. Na tsufa ina cewa girman kai ne, ashe hanya yake share mana.

Kada a manna komai. A sa mini faifan wayar.

Allah ya yi maka albarka.

Gwaggonka